Shekarar da Na Bar wa Ruwa Kicin Ɗina

A Nguru aka haife ni, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, inda gidaje suke a jere kamar an ja musu zare. Kowace ƙofa da bishiyar mainarta, wato dogonyaro, kuma komai yawan ruwan da aka yi, kafin ka gama shan koko rairayi ya shanye shi. Don haka na tashi ban san ruwan sama da wani hali ba sai na alheri. Aure ne ya kawo ni Gashua, a nan muka san juna ni da shi.

Gidan da aka kawo ni yana cikin wani lungu a tsohuwar unguwa, ba nisa da kogi. Tsofaffi suna cewa a da amalanken shanu yana shiga lungun nan da buhunan shinkafa, ya juya ya fito. Ni ban ga wannan zamani ba. Kafin in zo, kowa ya ɗan gutsiri rabonsa. Mai shirin yi wa ɗansa aure ya turo katanga kamu ɗaya don ɗaki ya fito. Mai akuya ya kafa mata turke a waje, daga baya ya zagaye turken da gini. Wani ya yi dakali, maƙwabcinsa ya ga ai shi ma yana yin baƙi, ya yi nasa har ya fi na wancan faɗi. A haka lungu ya tsuke, ya murɗe kamar hanjin rago. In kika ce wa mai adaidaita lungunmu, a bakin titi zai ajiye ki, ya ce, "Hajiya, daga nan sai ƙafa."

Ƙasar wajenmu laka ce, ba ta shan ruwa da wuri, wurin kuma shimfiɗe yake kamar faifai. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma duk damina haka nake fita, takalmi a hannu, zani a tattare, sai na kai titi in ari butar mai shayi in wanke ƙafa. Gado muna ɗora shi a kan bulo, buhun hatsi a kan benci. A ƙarshen lungun, ta yamma, akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gina unguwar a cikinsa, amma ya daɗe da zama juji. Leda da toka da tsumma sun cinye rabinsa.

Shekarar da na yi ritaya aka yi wani ruwa da la'asar, irin wanda ba tsawa ba iska, zuba kawai. Katanga huɗu suka zauna a lungunmu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Ni dai abin da na tarar a ɗakina agwagin maƙwabta ne guda uku suna iyo a gaban gado, suna kallona kamar ni ce baƙuwa. Malam, maigidana, ya tsaya a bakin ƙofa da wando a naɗe har gwiwa, ya ce, "Ki yi musu sallama mana, kin faɗo musu ba izini."

Bayan kwana biyu bulama, wato mai unguwarmu, ya tara maza. Wani mai sayar da hatsi a kasuwa, ɗan unguwar ne kuma mutumin kirki, ya kawo shawara a bar masa kududdufin ya cike shi da ƙasa ya gina shaguna, a huta da wari da sauro. Malam ya dawo ya ce mini maganar ta kusa zama, bulama ne kawai ya nemi mako biyu ya yi tunani.

A cikin makon na je Nguru suna, gidan ƙanena. Babbar 'yarsa ta gama karatun tsara birane, ta gama bautar ƙasa, tana zaune a gida tana jiran aiki. Doguwa ce, shiru-shiru, irin waɗanda sai ka manta suna wurin. Muna zaune a tsakar gida muna gyaran kifin abincin suna, ina ba mata labarin agwagi ana ta dariya, har na zo kan maganar cike kududdufi. Sai ta ɗago kai.

"Gwaggo, in aka cike shi, ruwan ina zai je?"

Na ce, "Inda ya saba zuwa mana."

Ta ce, "Ai can ya saba zuwa. Wanda kika gani a ɗakinki, wanda bai sami hanyar zuwa can ba ne. In aka cike, har wanda yake samun masauki yanzu wajenku zai dawo."

Na ajiye wuƙa na dube ta. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa ruwa gangare yake bi, amma ban taɓa haɗa wannan da ɗakina ba. Kafin a watse na ce wa ƙanena ya ba ni aronta. Ya ce in ɗauka, da ma ta cika masa gida da takardu.

Washegarin zuwanmu ta fita da tef ɗin awo da littafi. Ni na riƙe mata bakin tef ɗin, don ba wanda zai tambayi abin da Malama take yi a ƙofar gidansa. Mata suna leƙowa ta saman katanga. Mun kwana uku muna awo.

Katangar gidanmu tana manne da ta wani tsoho, ɗan ƙabilar Bade ne, masunci tun tasowarsa, har ƙarfi ya ja baya ya koma gyaran raga a ƙofar gida. Kowa Baba yake ce masa. Tun ranar farko ya kama ta da wasan kaka da jika.

"Wannan ce amaryar da aka kawo mini daga Nguru? To me take aunawa, ɗakin da zan sa ta?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, hanyar ruwa nake nema."

"Da tef?" Ya yi dariya har ragar ta zame daga cinyarsa. "To Injiniya, Allah ya ba da sa'a."

Sunan nan ya bi ta. Har ni sai na koma kiran ta Injiniya.

Ta zana taswira mai kyau a babbar takarda, kowane gida da ƙofarsa, har turken akuya bai ɓace ba. Ta ja kwata daga tsakiyar lungu ta nufi gabas da ita, zuwa kwalbatin babban titi, don ta rage wa kududdufin nauyi. Aka kai ƙofar bulama. Mata ba sa zama a irin wannan taro, amma ni na ɗauki kujerata na zauna a bakin zaure, ba kuma wanda ya hana ni, don rabin masu gemun da ke wurin ni na koya musu riƙe fensir.

Injiniya ta yi bayani. Aka yi ta gyaɗa kai. Mai hatsi ya ɓata rai. Sai Baba ya miƙo hannu aka ba shi takardar. Ya riƙe ta a kife, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Zanen ya yi kyau, amaryata. Amma kin tambayi ruwan?"

Aka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya ake tambayarsa, Baba?"

"Ki jira ya zo. Ba ya ɓoye maganarsa."

Bai sa mun jira da yawa ba. Kwana huɗu tsakani hadari ya haɗo bayan azahar. Ruwa yana fara ƙarfi muka ji sallamar Baba a ƙofa. Ya kifa buhu a ka, ya rungumo ƙwarya cike da ɓuntun shinkafa. Ya ce, "Ina amaryar? Ta fito, mai maganar ya iso."

Muka fita, ni da lema, ita da ledar da ta rufe littafinta, Malam yana biye yana cewa mun haukace. Muka je bakin lungu ta gabas. Baba ya ɗebi ɓuntu ya watsa a kan ruwan da ke gudu. Muka zuba ido. Ɓuntun nan bai ko kalli titi ba. Ya juya ya nufi cikin lungu, yamma sak. Muka bi shi. Ya zagaye dakali, ya ratsa gaban masallaci, inda ya ɓace Baba ya ƙara watsa wani. Mutane suka fara fitowa, har da bulama, wanda ya ga bulama a cikin ruwa da babbar riga a kafaɗa shi ma sai ya biyo. Kafin mu kai tsakiya mun zama ayari, manya da furfurarsu suna bin ɓuntu a guje kamar masu bin ɓarawon kaza.

Ɓuntu ya zo ya daki kusurwar katangar Baba, ya yi juyi biyu, ya zame. Taku kaɗan ya sake cin karo da wani gini da ya turo ciki ya tare fiye da rabin hanya. A nan ya tsaya, ya taru, yana ta zagaye. Ruwan da ke bayansa ya kumbura ya fara komawa ta rariyoyin gidajen mutane.

Ginin nan kicin ɗina ne.

Baba ya share ruwa daga fuskarsa, ya nuna da haɓa. "Nan ne hanyarsa tun ina yaro. Daga nan ya gangara kududdufi. Na sha kama tarwaɗa a daidai inda murhun Malama yake."

Injiniya ta tsaya ruwa yana zuba a kanta, ta dubi gabas, ta dubi yamma. Ta ce, "Titin ya fi mu tudu tun da aka ɗaga shi. Ban lissafa da wannan ba. Baba, zanena ya ɓaci."

Ya ce, "Bai ɓaci ba. Ki juya shi kawai. Da ma ni a kife na riƙe."

Ta sake zane a kwana biyu. Wannan karon kwata ta bi ɓuntu. Gida tara za su ja da baya, wani kamu ɗaya, wani biyu, dakali uku za su tashi, a yashe kududdufi a gyara bakinsa. Da aka karanta a ƙofar bulama, Baba ne ya fara magana. Ya ce, "Ku fara da tawa katangar. Ni da ruwa ba ma faɗa, shi ya ciyar da ni har na tsufa." Sai ɗaya daga cikin sauran ya ce, "In Malama ta ba da nata, mun ba da namu." Duk suka ce haka ne. Idanu suka juyo bakin zaure.

Na ɗauki kujerata na shige gida.

Gara in faɗi gaskiya tunda ni nake ba da labarin. Ni na ɗauko yarinyar nan, ni na riƙe mata tef, ni nake cewa mutanen lungunmu ba sa son ci gaba. Amma da abin ya zo kan kicin ɗina sai na ji duk karatun nan ya fice mini daga ka. Surukina ne, mahaifin Malam, ya gina mini shi da hannunsa shekarar da aka kawo ni, don kada in yi girki a rana. A cikinsa na dafa abincin sunan 'ya'yana duka. A jikin azarar rufinsa surukata ta rataye mini ragaya, ta nuna mini yadda ake miyar kifin banda irin ta nan. Yanzu a ce wai ɓuntu ya yanke masa hukunci?

Kwana uku ban yi wa Injiniya magana ba sai amsa gaisuwa. In na zuba abinci, kan kifi nake sa mata. Na ce wa Malam ya sa ta a mota ta koma gidan ubanta.

Ya ce, "Ni na ɗauko ta? Wanda ya ari tukunya ai shi yake mayarwa."

"Kai ba ka damu a rushe ginin mahaifinka ba?"

"Mahaifina da ya san agwagi za su riƙa kwana a ɗakin surukarsa, da bai gina a nan ba."

A rana ta uku maginin unguwarmu ya yi sallama. Ɗalibina ne a shekarun farko na koyarwa, yanzu gemunsa ya fara fari. Ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba, muka gaisa. Ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce, "Malama, wata tambaya ce ta kawo ni. Kin tuna ranar da kika sa ni kamun kunne a aji uku?"

Na ce, "Ranakun ai suna da yawa."

"Ranar da na baje a benci na matse na kusa da ni har ya faɗo. Kika ce benci na mutum huɗu ne, wanda ya ci wurin biyu ɓarawo ne ko bai sa komai a aljihu ba. To shi ne na ce in zo in tambaya, ko an canja karatun ne ban sani ba."

Na neme shi da muciya, ya tashi yana dariya ya yi waje. Ni ma ina shiga kicin dariyar ta ƙwace mini, har da hawaye, ban san na dariya ne ko na hayaƙi ba.

A haka Injiniya ta same ni. Ba ta kawo maganar kwata ba. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna tana tari saboda hayaƙi, ta ce, "Gwaggo, me kika fi tsana a kicin ɗin nan?"

Ban yi niyyar amsawa ba, amma bakina ya riga ni. Hayaƙi ba ya fita. Ƙofar tana kallon yamma, da la'asar rana tana dafa ni tare da tuwo. Ga ɓera. Ga nisa da randa.

"Me kika fi so?"

Na ɗaga kai na dubi azarar nan da ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi.

Ta ce, "Ita za mu fara saukewa, a hankali. Ƙasar nan ma ba za a zubar da ko kwano ɗaya ba. Da ita za a gina wani a gindin mainar can, ƙofa ta kalli arewa, taga biyu. Ginin Kaka ne dai, Gwaggo, wuri kawai zai sauya."

Na ce, "Tashi ki miƙo mini gishiri." Da na zuba abinci na sa mata tsakiyar kifi. Malam ya leƙa kwanonta ya ce, "To, an yi sulhu ke nan."

Ba a taɓa komai ba sai da ruwa ya ɗauke. A tsakanin nan bulama da Injiniya suka kai zanen ofishin da ke kula da tsarin gari, wani jami'i ya zo ya zagaya, ya gyara wuri ɗaya, ya sa hannu. Bayan an gama girbin shinkafa aka kira gayya. Duk Asabar da safe maza su fito da diga da shebur da baro, mata mu ɗora tukwane.

Ranar da za a sauke kicin ɗina na ce ina da sayayya a kasuwa. Na yi ta yawo cikin 'yan kifi ina taya abin da ba zan saya ba, har azahar. Da na dawo na tarar da sarari inda gini yake, haske ya cika tsakar gida, azarata tana jingine an lulluɓe ta da tabarma. Magini ya zo ya buɗe tafin hannunsa. Ɗan kunne ne guda ɗaya, na cikin kayan lefena, wanda ya ɓace tun ina goyon fari. A cikin tsagar bango ya same shi, bayan inda nake ajiye ashana. Shekara da shekaru ina cewa Malam ne ya share shi da shara ranar da ya taya ni gyaran ɗaki.

Malam ya karɓa ya ɗaga sama don kowa ya gani. "Jama'a ku shaida. Yau an wanke ni."

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne kusan ba a sayo komai ba sai siminti kaɗan na bakin kwata. Injiniya ba ta yarda a jefar da abu. Tsohuwar ƙasar katanga a jiƙa ta, a kwaɓa da ɓuntu, ta koma tubali. Fasassun bulo aka jera a ƙasan kwata. Tsohon kwanon rufi magini ya buge shi ya miƙe, ya zama indararo. 'Yan'uwan Baba da ke wajen Dagona da ma suna yanke kacala, ciyawar nan da ke toshe musu hanyar kwalekwale a fadama, suna rasa yadda za su yi da ita. Baba ya aika aka kawo amalanke biyu. Da ita aka yi wa sabon kicin ɗina rufin ciki a ƙarƙashin kwano, kuma duk zafin Gashua, in kika shiga sai ki ji kamar kin shiga inuwar tsamiya.

Kududdufi ne ya ba da wuya. Asabar huɗu ana yasa. Ledar ruwan sha da aka fitar ta yi tudu guda. Injiniya ta ce a wanke a kawo wa mata. Muka yanke bakin kowace, muka cika da ƙasa da takin akuya, muka shuka maina da zogale da gwaiba. Tsakar gidana ta koma lambu, ba wajen taka ƙafa. Kowane gida kuma aka haƙa rami a bakin rariyarsa, aka zuba fasassun tukwane da gawayi, aka dasa bishiya a gefe, ruwan wanka da na alwala da a da yake kwanciya a hanya ya zama nata.

Mai hatsi ya yi wata guda ba ya zuwa gayya. Injiniya da kanta ta je ta same shi a rumfarsa, ta nuna masa tudun da ke arewa da kududdufi, inda ruwa ba ya hawa, ta ce shaguna uku za su zauna a nan, kuma in bishiyoyi suka tashi nan ne kowa zai so zama. Ya ce zai duba. Asabar ta gaba sai ga shi da buhun gero na kunun ma'aikata, yana ba da umarni kamar da ma shi ya kawo shawarar.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Dashen farko awaki suka cinye shi tas a kwana biyu, har da na ƙofar bulama, kuma akuyarsa ce ta ja gaba. Sai da aka zagaye kowace bishiya da ƙaya aka sake dasawa. Wani kuma daga cikin masu dakali, bayan an tashi nasa, ya faki ido ya sake ɗora bulo shida a wurin, wai na shan iska ne kawai. Bulama bai yi masa faɗa ba. Kullum da hantsi sai ya zo da mutanensa su zauna a kan bulon, a aika cikin gida a ce baƙi sun iso. Shayi, ƙosai, wani lokaci har fura. A kwana na shida mutumin ya kwashe bulonsa da kansa tun da sassafe.

Damina ta dawo ta same mu a shirye. Ruwan farko mai ƙarfi da rana tsaka ya zo. Duk lungu muka tsaya a ƙofofinmu. Ruwa ya taho ta gabas, ya faɗa kwata, ya bi ta gaban masallaci, ya wuce inda murhuna yake a da ko waiwaye bai yi ba, ya gangara. Muka bi shi har kududdufi muka ga yana cika a hankali. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na koma gida na tarar da ɗakina a bushe, na zauna a bakin gado, na rasa abin yi, don na saba a irin wannan lokaci ina kwalfe ruwa da kwano.

Baba ya sa aka kawo masa 'ya'yan tarwaɗa a jarka ya zuba a kududdufin, ya ce su za su ci 'ya'yan sauro. Ya naɗa kansa sarkin ruwan unguwa, ya dawo da gyaran ragarsa can bakin ruwa, kuma kaiton wanda ya gani da kwandon shara. Injiniya ba ta ga wannan ba, don kafin nan aiki ya fito mata ta koma. Ranar da za ta tafi ya ba ta kifin banda cike da kwali, ya ce sadakinta ne, in ta sami wanda ya fi shi ya yafe.

Bayan sallah ƙarama sai ga mutum biyu daga lungun da ke bayan namu sun zo wajen Malam. Sun ga abin da aka yi, su ma suna so, magini ya auna musu, kowa ya yarda. Saura wata hajiya guda da ta ce ɗakin kajinta ba mai taɓa shi sai bayan ranta. Wai sun yi shawara, sun ga ba wanda ya dace ya je ya lallashe ta sai ni.

Na ce, "Don me sai ni?"

Suka dubi juna. Malam ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Na yafa mayafi na je. Ta karɓe ni da fara'a, ta dama mini fura, muka gaisa har da tambayar jikoki. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ke ce wadda aka ce ta yi kwana uku tana ba 'yar ƙanenta kan kifi?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "To ni ba kwana uku ba, sai na yi wata."

Ba ta yi wata ba. Zuwa biyar na yi. A na biyar ta biyo ni har gida, ta shiga kicin ɗina ta zauna, ta dubi rufin, ta miƙa hannu ta taga ta ji iska. Da za ta tafi ta tsaya a kan sauran dashen da ke tsakar gida, ta zaɓi gwaiba huɗu mafi kyau, waɗanda na ware wa kaina, ta ce a gaya wa magini ya zo ranar Asabar, amma kajin nan rufin kacala take so a yi musu, ba ta yarda da kwano tsirara ba.